Auna ingancin kulawa a gidajen jiyyar ƙarshe: abin da ake ƙidayawa da abin da ake faɗi

Gabatarwa

Idan ana son a san ko asibiti yana aikinsa yadda ya kamata, hanya mafi sauƙi ita ce a ƙidaya waɗanda suka shiga da ciwo suka fita da lafiya, a kwatanta da waɗanda suka rasu. Amma akwai wani irin gidan jiyya wanda wannan lissafi ba ya amfani a kansa, domin waɗanda ake karɓa a cikinsa likita ya riga ya tabbatar cutarsu ba ta warkewa. Masu Ingilishi suna kiransa «hospice». A Faransanci kuwa wannan kalma ta fi nufin tsohon gidan ajiye gajiyayyu, shi ya sa suke cewa «unité de soins palliatifs». A cikin wannan maƙala za mu kira shi gidan jiyyar ƙarshe, ko da ma'aikatansa a gidajen mutane suke bin marasa lafiya. Suna ne na aiki tsakanin masu bincike, ba na faɗi a gaban maras lafiya ba, tunda Bahaushe ba ya yanke wa mai rai ajali.

Tambayar da muke son dubawa ita ce: in ba a auna irin wannan gida da yawan waɗanda suka warke, da me za a auna shi? Za mu nuna cewa babban ɓangare na awon ya dogara ga abin da maras lafiya da iyalinsa suka faɗi da bakinsu. Ke nan ma'aunin da kalmomi aka gina shi, kuma nan ne masu nazarin harshe suke da ta cewa.

1. Asalin irin wannan jiyya

Tun a 1842 wata gwauruwa mai suna Jeanne Garnier ta kafa ƙungiyar mata a birnin Liyon na Faransa domin kula da waɗanda asibitoci suka sallama saboda cutarsu ba ta jin magani. Amma gida na farko da ya haɗa jiyya da koyarwa da bincike shi ne St Christopher's, wanda Cicely Saunders ta buɗe a Landan a 1967. Ita ce ta koyar da cewa azabar wanda ke kusa da cikawa kashi huɗu ce a dunƙule: ta jiki, ta zuciya, ta zamantakewa da iyali, da ta ruhi. Ta kuma nace a riƙa ba da maganin ciwo a kan sa'a, ba sai ciwon ya dawo maras lafiya ya roƙa ba.

A Faransa an buɗe sashen farko na irin wannan jiyya a Paris a 1987, sannan dokar 9 ga watan Yuni 1999 ta mayar da ita haƙƙin duk maras lafiyar da ke bukatarta. A Afirka, Island Hospice na birnin Harare ya fara aiki a 1979, Hospice Africa Uganda kuma a 1993 bisa jagorancin likita Anne Merriman. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ya nemi kowace ƙasa ta saka wannan jiyya cikin tsarin kiwon lafiyarta. Duk da haka, ƙiyasin hukumar na 2020 ya nuna cewa mutum miliyan 56 da ɗoriya suke bukatarta kowace shekara, kuma wajen kashi 14 cikin ɗari kaɗai suke samu.

2. Matakai uku na awo

Mafi yawan masu auna aikin kiwon lafiya suna bin rabe-raben da Avedis Donabedian ya gabatar a 1966. Ya raba awon gida uku.

Na farko shi ne abin da aka tanada: ma'aikata nawa ne, wane horo suka samu, akwai mai amsa kira da dare, akwai morfin a ajiye ko babu. Wannan mataki ba ƙarami ba ne a nahiyarmu. Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya nuna cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba su samun ko kashi 1 cikin ɗari na morfin da ake rarrabawa. Yuganda ta rage wannan giɓi da ta koma haɗa morfin na ruwa, na sha, a cikin ƙasa, kuma a 2004 ta ba ma'aikatan jiyya masu horo na musamman izinin rubuta shi.

Na biyu shi ne abin da aka aikata: an tambayi maras lafiya ciwonsa ranar da aka karɓe shi? An duba numfashinsa? Da aka ba shi morfin, an haɗa masa da maganin taurin bayan gida, tunda an san morfin yana kawo shi?

Na uku shi ne sakamako: ciwon ya lafa? Hankali ya kwanta? Iyali sun san abin da za su yi in dare ya yi? Matakai biyu na farko ana iya samunsu cikin rajista. Na ukun kuwa babu na'urar da ke nuna shi. Dole a yi tambaya.

3. Misalin Amurka

Amurka tana cikin ƙasashen da suka fi tsara awon gida-gida, kuma dalilin kuɗi ne. Tun dokar 1982, tsarin gwamnati na biyan kuɗin lafiyar tsofaffi, Medicare, yana biyan wannan jiyya ga wanda likitoci suka ga ba zai wuce wata shida ba in cutar ta bi hanyarta. Ana biyan gidan kuɗin kowace rana, ko ma'aikaci ya leƙa maras lafiya a ranar ko bai leƙa ba. A bayyane yake cewa irin wannan biya yana iya jan mai neman riba ya tara mutane a rajista ya rage ziyara. A 2019 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiyar ƙasar ya bayyana cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na gidajen da aka bincika tsakanin 2012 da 2016 an same su da aƙalla gazawa ɗaya.

Don haka aka kafa ma'aunai iri-iri. Daga 2014 aka wajabta wa kowane gida ya ba da rahoton ayyukan da ya yi wajen karɓar maras lafiya, irin waɗanda muka ambata a mataki na biyu. Daga takardun neman biya kuma ana ciro wasu alamu, misali ko ƙwararriyar ma'aikaciyar jiyya ko ma'aikacin jin daɗin jama'a ya ziyarci mutum a aƙalla biyu daga cikin kwanakinsa uku na ƙarshe. Sannan daga 2015 aka fara takardar tambayoyi mai suna CAHPS, wadda a siffarta ta farko take da tambaya 47. Ba maras lafiya ake yi wa ita ba. Wanda ya yi jiyyarsa a cikin iyali ake nema, wajen wata biyu bayan rasuwar. Ana tambayarsa ko an riƙa sanar da su halin da ake ciki, ko taimako ya zo da wuri, ko an girmama mamacin, ko an magance masa ciwo, ko an koya musu yadda za su kula da shi, da ko zai shawarci wani ya kai nasa can. Tun 2018 ake buga sakamakon domin kowa ya gani.

Abin lura shi ne, ko a wannan tsari mai yawan alƙaluma, hukunci na ƙarshe ya koma ga maganar ɗan adam, kuma maganar wani a madadin wanda ba ya nan.

4. Ma'aunin da aka tsara don Afirka

A Ingila, Hearn da Higginson sun fitar da gajeren ma'auni mai suna POS a 1999. Ƙungiyar jiyyar ƙarshe ta Afirka, APCA, wadda mazauninta yake Kampala, ta sake gina shi domin nahiyar, aka gwada shi a Afirka ta Kudu da Yuganda, aka buga sakamakon gwajin a 2010. Tambayoyinsa goma ne: bakwai ga maras lafiya, uku ga iyali. Ana tambayar ciwo, da sauran wahalhalun jiki, da damuwa, da samun wanda za a faɗa wa abin da ke rai, da ganin rayuwa tana da daraja, da kwanciyar rai, da samun shawarar da iyali za su shirya wa gaba. Kowace amsa daga 0 zuwa 5 take, kuma kwanaki uku da suka wuce ake nufi. Ma'aikaci ne yake karantawa, domin ba kowa ya yi karatu ba, kuma ana iya nuna amsar da yatsun hannu. Ana maimaitawa a ziyara ta gaba. Bambancin da ke tsakanin awo biyu shi ne yake nuna ko kulawar ta yi amfani.

5. In za a yi tambayar da Hausa

Duk ranar da za a yi aiki da irin wannan ma'auni a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, da Hausa za a yi tambayar, ko da da Faransanci aka rubuta ta. Muna hango matsaloli biyar.

Ta farko, kalmar «ciwo» tana ɗauke da cuta da kuma jin zafinta. In aka ce wa mai sankara «yaya ciwon?», yana iya ba da labarin cutar, wadda kullum gaba take yi, alhali abin da ake son sani shi ne ko maganin ya sa ya samu barci. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai zafi, raɗaɗi, zogi, suka, sara, murɗa, tsamin jiki. Kowace da inda take zama, kai ke sara, ciki ke murɗawa, ƙuna ke raɗaɗi. Kuma likita yana bukatar bambancin, domin ciwon da ya taso daga jijiya ba maganinsu ɗaya da na ƙashi ba. Akwai darasi a nan. Melzack ya tara kalmomin ciwo 78 na Ingilishi a 1975 a jami'ar McGill. Da Boureau da abokan aikinsa na asibitin Saint-Antoine suka so irinsa a 1984, ba su tsaya ga fassara ba, sun sake tattara kalmomin Faransanci tun daga tushe. Haka ya kamata a yi wa Hausa.

Ta biyu, tambayar jiki gaisuwa ce. Wanda aka ce wa «ina jiki?» amsarsa «da sauƙi», ko da bai runtsa ba tun jiya. Ba ƙarya ya yi ba, gaisuwa ya amsa. Ma'aikacin da ya rubuta 1 ko 2 bisa wannan amsa ya rufe ƙofar ƙara magani. Wajibi ne a gama gaisuwa tukuna, a fito fili a ce yanzu tambayar aiki za a yi, kuma a rataya ta ga abin da ake gani: barci, cin abinci, juyawa a shimfiɗa, iya zama a yi salla.

Ta uku, «majiyyaci» a bakin mutane yana nufin maras lafiya, yana kuma nufin mai kula da shi. Ga takardar da ta ware tambaya bakwai ga wannan, uku ga wancan, kalmar ba za ta yi ba. Sai a ce «maras lafiya» da «mai jiyya».

Ta huɗu, yatsun hannu ma harshe ne. A ƙasar Hausa dunƙule hannu a ɗaga jinjina ce, ware yatsu biyar a fuskar mutum kuwa daƙuwa ce. Ma'aikaciya ƴar shekara ashirin da biyar ba za ta ware wa dattijo hannu ba, shi ma ba zai ware mata ba. Ana iya amfani da tsakuwa biyar, ko a kifar da hannun bisa tabarma.

Ta biyar, tambayar iyali bayan rasuwa. Wata biyu bayan mutuwar miji, matarsa tana cikin takaba, wadda take wata huɗu da kwana goma. Kuma wanda aka yi wa rasuwa haƙuri ake ba shi, shi ma haƙuri yake nunawa. Kukan cewa an makara da magani yana iya yi masa kama da jayayya da ƙaddara. In aka tambaye shi ko ya gamsu, zai ce kwana ne ya ƙare, Allah ya saka wa ma'aikata. Gwamma a tambayi abin da ya auku: daren da ciwo ya tsananta, wa kuka kira, ƙarfe nawa ya zo? Dole kuma a san wa za a tambaya. Sau da yawa maigida ne ke amsa baƙo, alhali mace ce ta kwana a gefen shimfiɗar.

Kammalawa

Hanyar da aka saba bi wajen fassara ma'auni ita ce mutum ɗaya ya fassara, wani ya mayar da fassarar cikin harshen asali, a kwatanta. Wannan hanya tana kama kuskuren kalma, amma ba ta kama ko ɗaya daga cikin matsaloli na biyu, na huɗu da na biyar, domin ba a cikin jimla suke ba, a cikin zance suke. Abin da muke ba da shawara shi ne aiki uku da ɗalibanmu za su iya yi tare da ma'aikatan lafiya, bisa yardar marasa lafiya: tattara kalmomin ciwo yanki-yanki, tunda Hausar Adar da ta Damagaram ba su zama ɗaya a komai ba, nazarin yadda hira take tafiya tsakanin ma'aikaci da maras lafiya, da gwada kowace tambaya a bakin mutane, a ce su maimaita abin da suka fahimta da kalmominsu. In ba a yi haka ba, gida zai iya samun maki mai kyau a rajista, a daidai lokacin da wanda aka auna yake kwana yana juyi.