GANUWA BA TA TSARE ƁARAWO MAI MABUƊI

Bayan haka, ku sani dukiyar manyan kamfanoni a wannan zamani ba a rumbu take ba, ba kuma a cikin adaka ba. Lissafinsu da asirin cinikinsu da sunayen abokan hulɗarsu duk suna cikin kwamfutoci da aka sadar da juna, kana aka sadar da su da intanet. To, a kan tsaron wannan dukiya ne masana suka sake shawara.

A da, ana tsare kwamfutocin kamfani kamar yadda ake tsare birni. A kewaye su da ganuwa, a sa mai gadi a ƙofa. Wanda ya faɗi kalmar sirri daidai ya shiga, in kuwa ya shiga ya zama ɗan gari, ba mai sake tambayarsa. Aibin wannan dabara shi ne na'ura ba ta ganin fuska, mabuɗi kaɗai ta sani. Duk wanda ya zo da shi, ko mai shi ne ko ɓarawo, ɗaya ne a gare ta.

Ga shaida. A shekarar 2013 ɓarayi suka shiga kwamfutocin Target, wani babban kamfanin kantuna na Amurka. Ba su fasa ganuwa ba. Kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai gyaran na'urorin sanyi suka sace, suka shiga da ita, suka yi ta ratsawa har suka kai ga na'urorin karɓar kuɗi a kantuna, suka kwashe lambobin katin banki wajen miliyan 40. Har wa yau, a shekarar 2021, aka shiga kamfanin Colonial Pipeline, mai tura man fetur ta bututu a gabashin Amurka, da kalmar sirri guda ta wani asusu da aka daina aiki da shi amma ba a rufe ba. Bututun ya tsaya kwanaki, gidajen mai suka ƙafe, kamfanin ya biya fansa wajen dala miliyan 4.4.

Maganin da aka kawo shi ne tsarin da Turawa ke kira Ziro Tirast, watau ba yarda ko ta anini sai da shaida. Wani masani, John Kindervag na kamfanin Forrester, shi ya yaɗa sunan a 2010. Kamfanin Google kuwa, bayan harin da aka kai masa a 2009, ya gina nasa tsarin mai suna BeyondCorp, ya daina ɗaukar kwamfutar da ke cikin ofis a kan ta fi ta waje aminci. A 2020 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta rubuta ƙa'idodinsa, kana a 2021 Shugaba Biden ya umarci ma'aikatun gwamnatinsa su kama hanyarsa.

Rukunansa huɗu ne. Na fari, kowa zai buɗe wani abu sai ya kawo shaida, ko da shi ne mai kamfanin, kuma kalmar sirri kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa ta da ta biyu, kamar lambar da ke zuwa a wayarsa ko zanen yatsansa. Ita ma kwamfutar da ya zo da ita sai an duba lafiyarta. Na biyu, ba a ba mutum izini sai gwargwadon aikinsa. Mai gyaran na'urar sanyi ba shi da hanya zuwa wurin kuɗi, kuma ran da aikinsa ya ƙare a karɓe mabuɗin. Na uku, a rarraba gidan ɗaki-ɗaki, kowane da ƙofarsa, domin in ɓarawo ya sami zaure kada ya sami turaka. Na huɗu, a ɗauka cewa ɓarawon ya riga ya shigo, saboda haka a riƙa rubuta duk shiga da fita, ana dubawa.

Wani attajiri zai ce, ai ciniki da amana yake tafiya, yaya za a tuhumi yaron da ya shekara ashirin a gida? Amsa ita ce ba yaron ake tuhuma ba, mabuɗin da ke hannunsa ake tuhuma, domin ana iya sace shi yaron bai sani ba. Hasali ma tsarin kariya ne gare shi, gama in an yi ɓarna, rubutun zai nuna ta inda aka bi, ba a ɗora wa mai gaskiya laifi ba.

Lalle akwai wahala. Aikin yana cin kuɗi da shekaru, tsofaffin na'urori ba duka ke karɓarsa ba, kuma ba kaya ba ne da za a saya a kanti a kafa rana ɗaya. Amma ko ƙaramin ɗan kasuwa yana iya somawa: ya sa shaida biyu a asusun bankinsa da wasiƙunsa, ya ba kowane yaro mabuɗinsa dabam maimakon kalma guda ta kowa da kowa, ya rufe asusun wanda ya bar aiki tun a ranar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tamat.