Google Trends da Zaɓen Kalmomin Shafin Intanet

Da yawa daga cikin masu ziyartar shafukan intanet suna isa gare su ne ta injin bincike, wato manhajar da ke tattaro shafuka ta jera su gwargwadon dacewarsu da abin da mutum ya rubuta. Abin da ake rubutawar shi ake kira kalmomin nema, kuma mai shafin da ya san waɗanda jama'a suka fi amfani da su yana iya tsara kanun rubutunsa yadda za a same shi cikin sauƙi. Ɗaya daga cikin hanyoyin gano su ita ce Google Trends, wadda kamfanin Google ya ƙaddamar a 2006, ake amfani da ita kyauta, kuma bayananta suna komawa har zuwa 2004.

Lambobin da Google Trends take nunawa, daga 0 zuwa 100, ma'auni ne na kwatance, domin ana ɗaukar samfurin binciken da aka yi, a auna kason kalmar cikin jimillar nema a yankin da lokacin da aka zaɓa, sannan a ba wa ƙololuwarta maki 100. Saboda haka jiha mai ƙarancin jama'a tana iya fin Legas maki, alhali waɗanda suka nemi kalmar a Legas sun fi yawa.

Amfaninta ya fi bayyana wajen kwatanta kalmomi da dama a lokaci ɗaya, da kuma gane lokutan da nema yake tashi. Neman girke-girken buɗa-baki, alal misali, yana bin watan azumi, wanda yake matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekarar miladiyya, don haka mai shafin girki zai dubi shekarun baya ya wallafa rubutunsa makonni kafin lokacin, tunda injin bincike yakan ɗauki lokaci kafin ya shigar da sabon shafi cikin kundinsa.

Kalmar da ba a yawan nemanta takan fito da maki 0, abin da ke yawan faruwa da kalmomin Hausa, musamman da yake masu waya da dama ba sa rubuta ƙ, ɗ da ɓ, sai neman kalma ɗaya ya rabu gida biyu. Wannan ya sa ake gwada rubutun duka biyu, sannan a duba Keyword Planner na Google Ads, wanda ke ba da ƙiyasin yawan nema a wata, kafin a yanke shawarar kalmar da za a gina shafi a kanta.