Karkarwar Hannu: Yaushe Ne Hoton Ƙwaƙwalwa Yake da Amfani?

Wata ƙungiyarmu ta wajen Kebbe ta kawo tambaya mai nauyi. Suna da wani dattijo, shi ne ma'ajinsu. Bara hannunsa na dama ya soma karkarwa, bana kuwa jikinsa ya yi nauyi, huɗar da yakan gama da hantsi sai ta kai shi azahar. Ɗansa da yake aiki a birni ya ji labarin wani hoton ƙwaƙwalwa da ake ɗauka bayan an yi wa mutum allura, ya ce shi ne zai nuna ciwon. Ƙungiya tana shawara ko ta ba da rance daga kuɗin taki, dattijon kuma yana zancen sayar da shanun huɗarsa. Suna tambaya, hoton nan ya kai a yi masa haka?

Ga yawancin masu karkarwa, amsar ita ce a'a. Bari mu bi maganar daga tushe.

Karkarwa iri iri ce. Akwai wadda takan zo sa'ad da hannu yake hutawa a kan cinya, yatsu suna motsi kamar mai murza zare. Takan soma a gefe ɗaya. Tare da ita mutum yakan yi sanyin motsi, gaɓoɓi su sandare, taku ya gajarce, murya ta yi ƙasa, fuska ta daina nuna fara'a ko da zuciya tana murna. Wannan ita ce cutar Fakinson, sunan wani likita ne na birnin Landan wanda ya fara bayyana ta a rubuce a 1817. Ba sammu ba ne, ba kuwa aikin iska ba. Wasu ƙwayoyi ne can cikin ƙwaƙwalwa, masu yin wani sinadari da ake kira dofamin, suke mutuwa a hankali. Dofamin nan shi ne kamar man da ake sa wa sarƙar keke.

Akwai kuma wadda sai mutum ya ɗaga ludayi zai sha koko ta taso, in ya ajiye hannu ta kwanta. Takan kama hannu biyu, wani lokaci har da kai, sau da yawa kuma ta gado ce. Ba Fakinson ba ce, maganinta ma dabam. Sai ta uku, wadda ake yawan mantawa da ita: magani ne kansa yake kawo ta. Largactil da ake ba masu ciwon taɓuwa, da Maxolon na tsai da amai in an daɗe ana sha, sukan sa mutum ya sandare har a rantse Fakinson ce. In likita ya sauya maganin, yawanci jiki yakan saki. Maƙoƙo mai aiki fiye da kima, da shan giya, da wasu magungunan asma, su ma sukan sa hannu rawa.

To, ina hoton ya shigo? Sunansa DaTscan. An yarda da shi a Turai a shekarar 2000, a Amurka kuwa sai 2011. Ba irin hoton da ake ɗauka in ƙashi ya karye ba ne. Da fari akan ba mutum ɗan aidin ya sha domin kare maƙogwaronsa. Sa'an nan a yi masa allura a jijiya, mai ɗauke da ɗan sinadarin nukiliya wanda yake fitar da wani haske da ido ba ya gani. Sinadarin yakan bi jini ya je ya manne a daidai inda jijiyoyin dofamin suke. Bayan awa 3 zuwa 6 sai mutum ya kwanta shiru kamar rabin awa ko fiye, na'ura tana zagaya kansa tana tattara hasken. A kan mai lafiya akan ga alama biyu masu haske, dama da hagu, kowace kamar ƙaramin lauje. A kan mai Fakinson wutsiyar laujen takan dushe, ya rage ɗigo kawai, galibi gefe ɗaya ya fi ɗaya lalacewa. Ba a yi wa mace mai ciki.

Ku lura da abin da hoton yake iya faɗa. Tambaya ɗaya tak yake amsawa: jijiyoyin dofamin sun ragu, ko suna nan? Saboda haka amfaninsa na gaske yana inda ƙwararren likitan jijiya ya duba mutum, ya sāke dubawa bayan watanni, har yanzu yana shakka ko Fakinson ce ko ta gado ko ta magani. A nan hoton yakan raba gardama. Amma akwai wasu cututtuka 'yan'uwan Fakinson waɗanda su ma suke cin jijiyoyin nan, hoton ba ya bambanta su da ita. Ba ya faɗin yadda ciwon zai kasance nan da shekara biyar. Ba ya kuwa warkarwa. In alamun sun fito sarai, mutum kuma ya ji sauƙi da magani, ko a Ingila ba a aika shi wurin hoton, gama ba zai sauya kome ba.

Ga kuma wahalar samunsa. Ƙarfin allurar yakan ragu da rabi kowace awa 13, don haka ba a ajiye ta a kanti kamar maganin zazzaɓi. Sai an haɗa ta musamman, a ɗauko ta da jirgin sama, a yi amfani da ita nan da nan. Sashen hoton nukiliya na Asibitin Koyarwa na Ibadan da na Babban Asibitin Ƙasa a Abuja an fi saninsu da hoton ƙashi da ƙoda da maƙoƙo. Mai neman na ƙwaƙwalwa daga Tambuwal ko Kuchi ko Dogon Daji, sai ya shirya doguwar tafiya da kuɗin da ya fi ƙarfin asusun ƙungiya.

Abin da dattijon nan yake bukata ya fi haka kusa. A kai shi babban asibitin Tambuwal, a roƙi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A tafi da dukan magungunan da yake sha cikin kwalayensu, har da na gargajiya, da kuma wanda yake kwana gida ɗaya da shi, domin shi zai iya faɗin yaushe abin ya soma. Likita zai sa shi ya yi tafiya, ya juya, ya buɗe yatsu ya rufe da sauri. Kada ku rena wannan gwaji don ba na'ura a ciki, da shi ake gane cutar ko'ina a duniya. In ya ga Fakinson ce, zai gwada shi da lebodofa, maganin da ake amfani da shi tun wajen ƙarshen shekarun 1960. Yadda jiki ya karɓi maganin shi ma shaida ne. Wani lokaci akan ce a yi hoton siti ko na maganaɗisu, don a tabbata ba ƙari ba ne ko shanyewar jiki. Wannan hoto dabam ne.

Maganin nan kullum ake sha, shekara da shekaru, ba a kuwa yanke shi farat ɗaya. Nan ne kuɗi zai tafi. In ƙungiya za ta taimaka, ra'ayinmu shi ne ta sa hannu a kuɗin mota da na magani na kowane wata, ta yi masa gayya a gona, a kuma ba shi mataimaki wajen rubuta lissafi tun da alƙalami ya soma yi masa gardama. Hankalinsa yana nan, kada a karɓe masa littafin.

Magana ɗaya ga masu feshi a fadamar shinkafa da albasa. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna masu yawan aiki da maganin ciyawa farakwat, wanda kuka sani da sunan Gramoxone, sun fi sauran mutane kamuwa da Fakinson. Turai ta hana shi tun 2007. Wanda yake da ragowarsa a rumbu ko ƙarƙashin gado ya gaya wa malamin gona, kada ya juye shi a kwalbar lemo. Kowane irin magani za ku fesa, ku rufe hanci da baki, ku sa takalmi da riga mai dogon hannu, ku ba iska baya, ku yi wanka da sabulu kafin ku taɓa abinci.