Yadda waya za ta taimaka wa mai shirin gudun fanfalaki a lokacin hunturu

Gasar gudun fanfalaki ta Legas, wadda aka fara a 2016, a watan Fabrairu ake yin ta, kuma tsawonta kilomita 42.195 ne. Ke nan matashin da ke unguwar Kusugu a Daura, in yana son shiga, a tsakiyar hunturu zai yi atisaye.

Sanyin safiya yana da ruɗi. Tun da ba a jin zafi, sai mutum ya zarce da gudu har gwiwa ko ƙwauri su samu rauni. A nan waya ke da amfani: manhajoji irin su Strava da Nike Run Club suna amfani da GPS su ƙirga kilomitocin kowane mako. Masu horarwa kan ce kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100. Wanda ya yi kilomita 20 a wannan mako, 22 ta ishe shi mako mai zuwa.

Kafin fita, a kashe tsarin adana batir, domin yakan katse GPS ya ɓata lissafi.

Sai batun ƙura. Manhajar AirVisual tana nuna ma'aunin gurɓatar iska; idan ya haura 150, gara a ɗage dogon gudu zuwa wata rana. A riƙe ruwa kuma, don busasshiyar iska tana shanye gumi kafin mutum ya ankara.