Asabar a Kan Titi, Lahadi da Sifana a Hannu

A ƙasar Hausa keke abin sufuri ne. Shi ke kai manomi gona, ya kai ɗalibi makaranta, ya ɗauko jarkokin ruwa da buhun gero, kuma har yau dattawa na yabon Raleigh saboda ƙarkonsa. Shi ya sa in aka ce akwai ma'aikacin da zai yi kwana biyar yana aiki, ranar hutunsa kuma ya tashi da duku-duku ya murza feda kilomita 100, ba aike ba ziyara, ya dawo inda ya taso, sai a ce abin nema ne ya samu. Amma masu yin haka suna da yawa a Beljiyam da Italiya da Kolombiya, har da Eritiriya da Ruwanda da Burkina Faso. Ba mai biyansu ko sisi. Sha'awar tsere ce kawai, kuma tunda aiki ya cinye musu mako, Asabar da Lahadi su ne jarinsu.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka mai shirin tsere kullum gudu yake shararawa. Ba haka ba ne. Stephen Seiler, masanin motsa jiki ɗan Amurka da ke koyarwa a Norwe, ya bibiyi yadda zakarun wasannin juriya ke atisaye, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yin sa, ragowar ne kawai suke ƙure kansu. Doguwar tafiya ta awa uku ko huɗu a sannu ita ke ƙarfafa zuciya, ta ƙara yawan ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, ta koya wa jiki ƙona kitse. Gwajinta ba ya buƙatar na'ura: in kana iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya yanke maka magana ba, kana kan hanya. A nan ne ɗan tseren sha'awa ya fi faɗuwa. Yana ganin lokacinsa kaɗan ne, sai ya riƙa matsawa kowace fita, ba gudun da zai ƙara masa ƙarfi ba, ba kuma sassaucin da zai bar jiki ya farfaɗo ba. In ya fita cikin abokai abin ya fi muni, don kowa na jin kunyar a ce shi aka bari a baya. Ranar Litinin ya isa wurin aiki da ƙafafu kamar an ɗaura musu dutse, bayan wata uku kuma yana nan inda yake.

Duk da haka fita cikin ayari tana da darasin da mutum ba zai koya shi kaɗai ba, wato sha'anin iska. A shimfiɗaɗɗen titi, da zarar gudu ya haura kilomita 30 a awa, mafi yawan ƙarfin mahayi a ture iska yake ƙarewa, kuma in yana son ninka gudunsa, ƙarfin da iska za ta ci sai ya ninka kusan sau takwas. Wanda ya laɓe dab da tayar bayan wani yana rage wa kansa kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala. Saboda haka ake jerawa, na gaba ya ja na ɗan lokaci, ya kauce ya koma baya, na biye da shi ya karɓa. Tafiya da tazarar taƙi ɗaya tsakanin taya da taya tana son natsuwa da amana: ba a taka birki ba zato, kuma na gaba shi ne idon kowa, shi zai nuna rami da hannu.

Sai ciki. Sukarin da jiki ke tarawa a tsoka da hanta ba ya wuce aikin kusan awa ɗaya da rabi in ana matsawa. Idan ya ƙare, ƙafa takan mutu farat ɗaya, kai ya yi jiri, tudun da ba a bakin komai ba ya gagara. Maganinsa a ci tun ba a ji yunwa ba, kuma dabino ko ayaba sun wadatar. Mai hawa a Kano ko Maraɗi cikin bazara kuwa, ruwa da ɗan gishiri sun fi masa komai, sa'annan ya fita bayan sallar asuba ya dawo kafin rana ta take.

Ranar Lahadi kuwa akan juya ga keken kansa, kuma a ganina nan ne ake bambance mai hankali da mai ɓarnar kuɗi. Shaguna da tallace-tallace suna nuna wa mutum cewa gudu abin saye ne: keke mara nauyi, ƙafafun taya masu tsada. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tun shekarar 2000 ta hana a yi tsere da keken da bai kai kilo 6.8 ba, kuma da yawa suna kashe dukiya don kusantar wannan adadi. To amma a yi lissafi. Mahayi mai kilo 70 a kan keke mai kilo 9, in ya rage kilo ɗaya, abin da ya sauke bai fi kashi ɗaya da ɗan ɗori cikin ɗari ba, a fili kuma da ƙyar zai ji bambanci. Gyaran da ke biya araha ne, sai dai yana ɓata hannu.

Ɗauki kaca. Ƙura in ta haɗu da mai takan zama abin wasa ƙarfe, ta ci fil-fil ɗin da ke haɗa gaɓoɓin kaca har ta ƙara tsawo. In ƙarin ya kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari, masu keken tsere na zamani sukan sauya ta, don tsohuwar kaca tana cinye haƙoran giya, waɗanda suka fi ta tsada nesa ba kusa ba. Al'adar zuba wa kaca baƙin mai, da muka saba gani wajen masu faci, ta fi illa da hunturu, lokacin da ƙura ke ko'ina. A wanke, a busar, a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, a goge na waje da tsumma.

Giya kuma lissafi ce tsagwaronta. In farantin gaba na da haƙora 50, na baya 15, kowane zagayen feda yana juya taya sau uku da sulusi, wato kimanin mita 7. Mai juya ƙafa sau 90 a minti zai yi kusan kilomita 38 a awa. Sabon shiga yakan zaɓi giya mai nauyi don ya ji shi namiji ne, gwiwa kuma ta biya bashin.

A kan taya ma an sauya ra'ayi. Shekaru da dama an yi imani cewa siririyar taya mai milimita 23, a buga mata iska ta yi tauri, ita ce mai gudu. Gwaje-gwaje sun nuna a titin da ba sumul ba taya mai tauri tsalle-tsalle take yi, jijjigar kuma ƙarfin mahayi take ci. Yanzu ƙwararru da kansu sun koma milimita 28 ko fiye, da iska sassauƙa. Ga mai bin titunanmu wannan albishir ne.

Sirdi shi ne abin da ya fi hana masu keke barci. In ya yi ƙasa gaban gwiwa ya yi ciwo, in ya yi sama ƙugu ya riƙa rangaji. Eddy Merckx na Beljiyam, wanda ya ci gasar zagayen Faransa sau biyar, ya yi mummunan haɗari a filin tsere na Blois a 1969, ƙugunsa ya gurɗe, daga nan ya shahara da taɓa sirdinsa a kai a kai, wani lokaci ana tsakiyar tsere. Shi yana da uzuri. Ga sauran jama'a, ƙa'idar ita ce a sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, da 'yan milimitoci, a sa alama a inda yake da, a hau sau da yawa kafin a yanke hukunci. Kuma daren jajiberin tsere ba a kwance komai.

Wanda ya kai wannan ƙwaƙule-ƙwaƙule maƙura shi ne Graeme Obree na Sikotlan, ɗan tseren sha'awa da ya taɓa riƙe shagon keke. Ya lura cewa jikin mahayi ya fi keken kansa tare iska, sai ya ƙera keke da hannunsa, ya matse tsakanin fedojin, ya yi amfani da boris ɗin injin wanki, ya tsara abin riƙewa yadda zai naɗe hannuwa a ƙarƙashin ƙirji ya kwanta a kansu. A watan Yulin 1993, a Hamar ta Norwe, ya nemi karya tarihin nisan da mutum ya fi yi cikin awa ɗaya, kilomita 51.151 da Francesco Moser ya kafa a 1984. Ranar farko, da wani keken da aka ƙera masa, ya kasa. Kashegari da safe ya hau nasa na gida ya yi kilomita 51.596. Cikin mako guda Chris Boardman na Ingila ya ƙwace tarihin, Obree ya sake karɓe shi a 1994, a shekarar kuma UCI ta haramta irin kwanciyar tasa a kan keke. Sai ya fito da wata sabuwa, hannuwa miƙe zuwa gaba, ya ci gasar duniya da ita a 1995, ita ma daga baya aka haramta ta.