Rundunar Sojin Ruwa ta Birtaniya da Rassanta

Rundunar Sojin Ruwa ta Birtaniya, wadda aka fi sani da Royal Navy, ita ce mafi daɗewa a cikin rundunonin sojin ƙasar. Tana aiki tare da rassa biyu: dakarun Royal Marines, masu sauka daga jiragen ruwa su yi yaƙi a kan tudu, da ayarin Royal Fleet Auxiliary, wato RFA, mai kai wa jiragen yaƙi mai da abinci da makamai a tsakiyar teku.

Shugabanci

Dukansu suna ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, wadda ta haɗiye tsohuwar hukumar Admiralty a shekarar 1964. Babban hafsan da ke jagorantarsu shi ake kira First Sea Lord, kuma hedikwatar rundunar tana Portsmouth. A 2025 aka naɗa Janar Sir Gwyn Jenkins a wannan muƙami, shi ne jami'in Royal Marines na farko da ya riƙe shi.

Royal Marines

An kafa su ranar 28 ga Oktoba, 1664, suka koma hannun Admiralty a 1755. Muƙamansu irin na sojin ƙasa ne, kamar kanar da manjo, amma ba sa cikin rundunar sojin ƙasa. Tun 1942 suke aikin kwamando, kuma ana horar da su a Lympstone da ke yankin Devon. A Amurka tsarin ya bambanta, domin dakarun Marine Corps runduna ce mai zaman kanta a cikin Ma'aikatar Sojin Ruwa.

Royal Fleet Auxiliary

An kafa RFA a 1905. Jiragenta mallakar Ma'aikatar Tsaro ne, amma ma'aikatanta farar hula ne, duk da cewa suna sa kaki. Sunan jirgin yaƙi yana farawa da HMS, yana kuma ɗaga farar tuta, na RFA kuwa tutarsa shuɗiya ce mai hoton anka. A 2014 an tura jirgin RFA Argus zuwa Saliyo don taimakawa a yaƙi da cutar Ebola.

Yadda suke aiki tare

Yaƙin tsibiran Falkland da aka gwabza da Ajantina a 1982 ya nuna yadda rassan suke dogaro da juna. Fagen dagar yana da nisan kusan kilomita 13,000 daga Birtaniya, saboda haka jiragen yaƙi ba za su iya daɗewa a can ba sai da tankokin man RFA. Jiragen yaƙin suka ba da kariya, dakarun Royal Marines suka sauka a San Carlos ranar 21 ga Mayu. Ranar 8 ga Yuni jiragen saman Ajantina suka kai wa RFA Sir Galahad hari, mutum 48 suka mutu, ciki har da ma'aikatan jirgin farar hula.