Nazari a Kan Matakan Kariya Wajen Sarrafa Motar Ƙugiya

Bahaushe ya raɗa wa injin ɗaga kaya suna “ƙugiya” ne saboda lanƙwasasshen ƙarfen da ke reto a bakinsa. Sai dai haɗarin wannan na'ura, musamman mai tafiya a kan taya ko sarƙa, ya fi taruwa a gindinta.

Ƙarfin motar ƙugiya yana raguwa gwargwadon nisan kaya daga jikinta. A lissafi, tan 2 da aka rataya a nisan mita 10 yana rinjayar motar kamar tan 5 a nisan mita 4. Wannan ne dalilin da ya sa masana'anta ke haɗa kowace mota da jadawalin nauyi, wanda ke fayyace abin da za ta iya ɗauka a kowane nisa da kowane tsawon hannu. Matuƙin da ya dogara da ƙiyasin ido, komai daɗewarsa a sana'ar, ganganci yake yi. Jadawalin kansa ba ya aiki sai an buɗe ƙafafun tokara yadda ya tanada, an ɗora su a kan faffaɗan katako ko faranti, motar kuma ta zauna daidai. Ƙasar da ta sha ruwan damina, ko wadda aka cike kwanan nan, tana iya lotsawa ƙarƙashin ƙafa guda, nan take motar ta kife.

Wajibi ne a nisanci wayoyin lantarki, domin wuta mai ƙarfi tana tsallakowa ko ba a taɓa waya ba. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba matuƙi ishara, amma kowa na da ikon tsayar da aiki. Ba a tsayawa ƙarƙashin kaya.

Iska ce aka fi rainawa. Ranar Juma'a, 11 ga Satumba 2015, wata katafariyar ƙugiya mai sarƙa ta faɗa kan Masallacin Harami da ke Makka yayin ruwa da guguwa, inda fiye da mutum 100 suka rasu, ciki har da alhazan Nijeriya. Ƙugiyar ba ta cikin aiki a lokacin. Binciken hukumomin Saudiyya ya nuna cewa an bar dogon hannunta a ɗage, saɓanin umarnin masana'anta na a sauke shi idan an tashi aiki ko ana tsammanin iska mai ƙarfi.